Ranar da Gwiwata Ta Rasa Sabis

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikana Haruna ba, ko da tsufa zai sa in manta inda na ajiye hulata. Ba don ƙibar ragon suna ba, ragon ma a rame yake kamar kowa a waccan damina. Abin da ya sa shi ne, a ranar ce gwiwata ta hagu ta sauka daga muƙaminta a gaban jama'a.

Bari in fara da gwiwar. Tun ina saurayi wani jaki marar mutunci ya yar da ni a hanyar Fulatan, na faɗo a kanta, daga nan ba ta sake komawa daidai ba. Tana ciwo da rani, tana ciwo da damina, ranar kasuwa ma ba ta hutawa. Wata rana, shekarun baya, muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar masallaci, hira ta mutu, sai na shafa ta na ce, "Gwiwar nan tana sara, ina jin ruwa na tafe." Wallahi don in sami abin faɗa ne kawai. Kafin magariba aka tsuge da ruwa har katangar liman ta zube. Tun daga ranar duk ƙauyenmu, da ma wasu daga Ruwan Bago, ba a kirana sai Mai Gwiwa.

To shi suna irin wannan yana da daɗi, amma sai ana ciyar da shi. Karatuna na boko bai wuce na yaƙi da jahilci ba, amma na lura da abu guda: hadarin da yake sauko mana yawanci daga gabas yake tasowa, ya biyo ta wajen Karaye kafin ya iso mu. A Karaye kuwa ina da Sale mai faci, ɗan kawuna, taubashina, wanda yake wuni a bakin titi ba rufi a kansa sai sama. Da na sami wayar hannu sai muka shirya. In ya ga gabas ta haɗe, iska ta fara kwasar leda, sai ya kira ni.

"Bawana, ga shi nan ya taso, baƙi ƙirin. Je ka yi ɗingishinka."

Ni kuma in jefa waya a aljihu, in ɗaure gwiwa da tsumma, in nufi majalisa ina cije leɓe. (Kada ka yi saurin yanke min hukunci. Ban taɓa yin ƙarya ba. In an ce, "Tana ciwo?" in ce tana ciwo, kuma tana yi ɗin. Su ma masu hasashen yanayi na rediyo ai da na'ura suke aiki. Tawa na'urar dai tana haɗawa da facin taya.)

Har na ƙware. In Sale ya ce iska ta fi yawa, sai in ce ciwon sama-sama ne, yayyafi za a yi. In ya ce hadarin ya karkata, na san zai bi ta Fulatan ya bar mu, sai in ce, "Yau ta maƙwabta take yi wa ciwo." Mutane su jinjina kai. Matata kaɗai ta san zancen, ita kuwa in ta ga ina neman tsumma sai ta ce, "Malam, an bugo ke nan," ta ci gaba da tankaɗenta.

A shekarar da nake ba ka labari damina ta faɗi da kyau. Aka yi shuka, aka yi noman farko, masara ta kawo gwiwa, sai ruwa ya ɗauke cak. Kwanaki suka yi ta tafiya. Da hantsi za ka ga ganyen masara ya nannaɗe kamar tabarmar da aka idar da salla a kanta. Zafi irin mai ɗaure ƙirji, ga gumi, ba iska. Da yamma gajimare ya taru a gabas, ya yi gurnani kaɗan, kowa ya fito tsakar gida yana kallo, sai ya watse kamar an kore shi. Samarinmu masu manyan wayoyi kullum suna nuna mana hoton girgije da ɗigon ruwa a ƙarƙashinsa, wai gobe ne. Gobe ta yi, hoton ya matsa zuwa jibi, kamar alƙawarin tela. Rediyo ta ce a yi haƙuri, dama an hango za a sami tsaikon ruwa. Muka fita bayan gari roƙon ruwa, muka juya rigunanmu, tsofaffi suna kuka.

Ni kuwa gaisuwa ma ta sauya a kaina. Ba mai ce min ina gajiya, sai dai, "Yaya gwiwa?" Da can da dariya ake tambayar, yanzu kuwa mutum zai tsare ni da ido yana jira, kamar a aljihuna ruwan yake. Kullum sai na zagaya bayan rumbu na hau kan wani tsohon turmi da aka kife (nan ne kaɗai sabis yake kamawa sosai a gidana) na kira Sale. Amsarsa ɗaya ce: "Ko ƙyalle babu a sama."

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne Malam Hudu, surukina, wanda ɗansa Musa yake auren 'yata Rabi. Mutum ne marar yawan magana, in ya ce maka sannu to ya yi doguwar hira. Gidansa cike yake da baki, kuma gonar masara guda ce take riƙe da su, har da 'yata da jikokina. Ya sayar da akuyarsa ya sayi buhun takin yuriya guda ɗaya, ya ɗora shi a kan katako a ɗakin da yake kwana. Lokacin taki na biyu yana wucewa, masarar ta fara yin ɗorawa. Manomi ya san matsalar: in ka zuba yuriya a busasshiyar ƙasa ruwa bai biyo baya ba, rana ta shanye ƙarfinta, abin da ya taɓa gindin shuka kuma ya ƙone ta. In kuma ka dace ka zuba ruwa ya sauka a kai, ka gama da shekara lafiya. Kuma buhun ba shi da ƙane.

Wata rana muna fitowa daga masallaci ya matso kusa da ni, bai ko dube ni ba, ya ce, "Malam, in ka ji wani abu, ka tuna da ni." Wannan 'yar maganar ta hana ni jin daɗin tuwo.

A cikin wannan hali Rabi ta haihu. Ranar jajiberin suna, bayan azahar, ina kwance a zaure ina fifita da hula, sai waya ta yi ƙara. Sale ne. Na ruga bayan rumbu na haye turmi. Hayaniya ce kawai a bayansa, shi kuma yana ɗaga murya, maganar tana zuwa tana yankewa.

"Bawana... hadari... babba, ban taɓa ganin... ƙara kamar tsawa... ruwa ya cika titi... mata sai fitowa suke da bokitai..."

"Ya nufo mu?" na ce. "Sale, ta ina ya bi?"

Shiru. Na duba waya, ta mutu murus, caji ya ƙare. Mai cajin garinmu kuma ya tafi neman fetur. Aron waya? Lambar Sale ba ta kaina, kuma in ma tana kaina, a gaban mai wayar zan tsaya in tambayi labarin hadari? Na tsaya a kan turmi ina juya maganar. Na ce a raina, me kuma ya rage? Hadari babba, tsawa, ruwa a titi, mata da bokitai. Ko yaron goye ya san fassarar wannan.

Na diro na yi waje da gudu. Matata ta biyo ni har zaure tana cewa, "Malam, ka manta ɗingishin. Ga tsumman ma ka bari." Na dawo na fizga, na ɗaure a hanya.

Na sami Malam Hudu a ƙofar gida, ana kafa rumfar suna. Ko gaisuwar kirki ban tsaya mun yi ba, abin da ban taɓa yi masa ba.

"Malam, yau ne. Kafin magariba, da yardar Allah."

Ya ɗaga kai ya dubi gabas. Sama fes, ko tsuntsu babu. Ya dawo da ido kan tsumman gwiwata.

"Ka tabbata, Malam?"

A nan ne ya kamata in ce Allah ne masani, in tsaya a nan. Amma ina, bakina ya riga ni. Na ce, "Tun da jaki ya yar da ni ba ta taɓa sara irin ta yau ba."

Malam Hudu ya juya. Ya shiga ɗaki, sai ga shi da Musa sun ciccibo buhun. Muka ɗunguma gona, har da ni, kowa da kwano a hannu, muna bin kunya-kunya muna zuba farin taki a gindin masara. Ina zubawa ina jin kaina kamar wani waliyyi. Labari ya zaga gari. Mata suka jera baho da tukwane a ƙarƙashin indararo, aka kwashe shanya, aka kwance rumfar da aka fara kafawa don kada iska ta yi gaba da ita. Mutum biyu ko uku ma suka ɗebi nasu takin suka bi sahu, amma su da dabara, rabi suka zuba.

Aka yi la'asar. Muka zauna a gindin darbejiya, duk fuskoki sun juya gabas, ni kuma ina satar kallon fuskokin. Ganye ko motsi ba ya yi. Wani ya ce, "Mai Gwiwa, ya ake ciki?" Na ce hadarin mai nauyi ne, irinsa ba ya sauri. Rana ta yi ja ta faɗi. Aka kira magariba, sama tana nan kamar an share ta da tsintsiya. Na ce wataƙila sai gari ya yi sanyi. Yadda na kwana kuwa kada ka tambaya.

Da safe na sa babbar rigata na nufi wurin suna. Hanyar ta gefen gonar Malam Hudu take bi, na so in kau da kai amma ido ya ƙi. Ga takin nan fari fat a gindin masara, ko narkewa bai yi ba, rana kuma ta fito da shirinta. Abincin shekarar 'yata ne a shimfiɗe a ƙasa, kuma da hannuna aka shimfiɗa shi.

Malam Hudu ya tarbe ni da gaisuwa cikakkiya, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya ba ni wuri a kan darduma kusa da liman. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Aka yi addu'a, aka raɗa suna, aka fara rabon goro. Sai dai in mutum ya zo gaishe ni idonsa ya sauka kan tsumma ya ɗauke. Na fara lissafin yadda zan sulale.

Sai ga ɗan acaɓa ya tsaya, Sale ya sauko yana karkaɗe riga. Na manta shaf cewa shi ma an gayyace shi. Shi kuwa Sale Allah bai ba shi ƙaramar murya ba. Tun daga bakin hanya ya fara.

"Salamu alaikum, an raɗa ba ni? Allah ya raya. Ina bawan nawa? Kai, wace irin waya ce gare ka, ina cikin ba ka labari jiya ta yanke?"

Na ƙifta masa ido. Na yi tari. Na miƙa masa goro har biyu ko bakinsa zai sami aiki.

"Me ya sami idonka?" ya ce, ya karɓi goron ya zauna a tsakiyar jama'a. "Jama'a, jiya mun ga ikon Allah a Karaye. Haɗari a gaban wurin facina, ban taɓa ganin irinsa ba."

Liman ya gyara zama ya ce, "Ashe ku kun samu. Ya yi yawa?"

"Yawa? Tanka guda fa, cike. Ta masu aikin titi ce, wadda suke yayyafa wa hanya ruwa. Tana shan kwana tayar gaba ta fashe, ƙara kamar tsawa, sai ga ta a kwance. Ruwa ya malale titi, mata suka fito da bokitai suna tara. Har ni na cika jarka biyu."

Sai a lokacin na gane. Haɗari. Haɗarin mota. Ba hadarin sama ba.

Musa ne ya yi ƙarfin hali ya ce, "Baba Sale, wato ba a yi ruwan sama a Karaye ba jiya?"

"Ruwan sama? Rabonmu da shi tun rabonku. Ai da an yi da kun ji, tunda ni nake fara bugo wa wannan." Ya nuna ni da goro. "Shekara nawa ina yi masa gadin gabas, da na ga hadari in kira shi, ko katin waya bai taɓa sa min ba."

Ka san irin shirun da ake yi in liman ya yi mantuwa a salla, kowa yana jiran wani ya fara yin magana? Irinsa aka yi. Na dubi tsumman da ke gwiwata, na rasa ko in kwance shi ko in rufe fuskata da shi. Can sai wani tsoho, Baba Ɗanjuma, wanda ake cewa ba ya ji sosai amma ranar ya ji komai, ya ce a hankali, "To, ashe ita gwiwar a Karaye take da zama."

Dariya ta ɓarke. Liman ya sa hannun riga ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Wani ya ce a duba ko gwiwar tana da sabis yau. Wani ya ce a haɗa a sa mata kati. Sale ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, sai da aka yi masa bayani, ya kwanta a kan tabarma yana riƙe ciki. Na ce masa cikin raɗa, "Kai kuma me ya hana ka cewa hatsari kamar kowa?" Ya ce, "Me ya hana ka wanke kunne kamar kowa?"

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Malam Hudu ya jira aka lafa, ya dubi Sale ya ce, "Direban ya tsira?"

"Ko ƙwarzane bai yi ba."

"Alhamdu lillahi." Sai ya juya ga Musa. "In an watse, ku ɗauko fartanyu. Mu binne takin nan kafin rana ta gama da shi."

Ni kuwa bai ko dube ni ba. Na tashi a gaban kowa na tuɓe babbar rigar da ta sha guga domin ranar, na rataye a kan katanga, na shiga zaurensa na ɗauki fartanya da kaina. Da mutane suka ga haka sai suka fara miƙewa ɗaya-ɗaya. Suna ya koma gayya. Har Sale aka ɗora wa jarka ya yi ta jido daga rijiya zuwa inda masarar ta fi galabaita, wai tunda shi ne mai ruwan Karaye. Gindi-gindi muka bi, muna janye takin daga jikin kara muna rufe shi da ƙasa. Ba mu gama ranar ba, sai da muka koma washegari. A durƙushe na yi aikin nan duka, gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙwarya. Karo na farko ke nan da ta cancanci tsumma, kuma ba wanda ya ce min sannu.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ina zaune a tsakar gida sai na ji wani irin ciwo can cikin ƙashi, ba irin wanda na saba ba. Na ce wa matata, "Kin san gwiwar nan tana wani abu?"

Ta ce, "An bugo?"

"Waya tana wurin caji."

"To Malam, don girman Allah yi shiru, mu ma mu huta."

Na yi shiru. Ta baza barkononta a rana ta shiga maƙwabta. Bayan azahar iska ta juyo da sanyi, gabas ta yi baƙi, kafin ta dawo a guje barkonon ya bi ruwa. Aka wuni ana yi. Na zauna a bakin ƙofa ina kallon indararo yana zuba, ga gaskiya a gwiwata karo ɗaya a rayuwa, ba shaida ko ɗaya sai matar da ta hana ni faɗa. Ita ma da na tuna mata cewa ta yi ba ta ji ba.

Masarar Malam Hudu ba duka ta tashi ba. Ta wajen tudu, inda ƙasar ta fi yashi, ta riga ta ƙone, ba ta yi komai ba. Ta gangare kuwa ta murmure ta yi goyo. Ba su cika rumbu ba, amma ba su sayi hatsi ba sai can gab da wata damina. Na yi watanni ina zagaye ƙofar gidansa ta bayan gari. Da kaka sai ga Rabi ta zo da Haruna a baya da kwandon ɗanyar masara a ka. Ta ajiye, tana danne dariya, ta ce, "Baba, in ji Malam, wai a gasa wa gwiwa."

Yanzu in an tambaye ni ruwa, cewa nake Allah ne masani, wanda kuma yake gaggawa ga lambar Sale. Malamin firamarenmu ya taɓa zana min kalmomin biyu a ƙasa da tsinke, hadari da haɗari, ya nuna min cewa duk bambancin wata 'yar ƙugiya ce a kan harafi ɗaya, ko ƙwayar gero ta fi ta girma. Na daɗe ina kallonta. Shi ya sa har gobe in Sale ya bugo ya ce ga shi nan ya taso, ba na sauka daga kan turmi sai na tambaye shi: na sama ko na titi?